Ganye Kafin Fure: Gertrude Jekyll da Lambun Munstead Wood

A shekarar 1920 wani mai zane ɗan Ingila, William Nicholson, ya sauka a wani gida da ke lardin Surrey, kudu maso yamma da Landan, domin ya zana hoton wata tsohuwa mai shekara 76. Tsohuwar ba ta so. Da aka matsa mata ta amince, amma bisa sharaɗin ba za ta ba shi hasken rana ba, domin rana ta aikin lambu ce. Sai dai ya jira gari ya yi duhu ya yi aikinsa da fitila. Da zaman jira ya ishe shi, sai ya ɗauko tsofaffin takalmanta na shiga lambu ya zana su. Hoton takalman nan yana gidan adana zane-zane na Tate har yau, kuma bai gaza hoton fuskarta suna ba. Sunan tsohuwar Gertrude Jekyll, gidan kuwa Munstead Wood.

Masu tarihin lambuna suna tunawa da ita a matsayin gwanar haɗa launukan furanni, kuma ba su yi kuskure ba. Sai dai wanda ya bi tsarin lambunta a tsanake zai ga cewa fure baƙo ne a cikinsa: yakan zo, ya yi mako uku ko huɗu, ya tafi. Ganye ne ɗan gida. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, hikimar Jekyll ta tsaya ne a kan abu biyu da mutane ba su cika ambata ba: ta yarda cewa babu wani wuri guda da zai yi kyau shekara zagaye, sannan ta ɗora wa ganye nauyin riƙe lambu a watannin da fure ya ƙaurace.

Kafin a yi nisa, ya kamata a gyara wata kalma. Bahaushe idan ya ji "lambu", hankalinsa yakan tafi ga albasa da tumatir da latas a bakin rafi. Lambun da ake magana a nan na ado ne, wanda ake shukawa a kewayen gida don ido ya kalla. Amma aikin ɗaya ne: akwai fangali, akwai taki, akwai cire ciyawa, akwai ciwon baya.

Lambun da Jekyll ta buɗe ido ta tarar a Ingila ɗan zamanin masana'antu ne. A 1845 gwamnati ta soke harajin da take karɓa a kan gilashi, farashinsa ya faɗi, masu hali suka shiga gina ɗakunan gilashi da ake ɗumamawa da gawayin kwal. A daidai lokacin jiragen ruwa na shigo da tsirrai daga ƙasashe masu ɗumi: jan fure mai suna Pelargonium da shuɗiyar Lobelia daga kudancin Afirka, Calceolaria mai ruwan ɗorawa daga Kudancin Amurka. Tsirran nan ba sa jure sanyin Ingila. Don haka sai a rene su dubbai a ɗakin gilashi, a dasa su waje a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, a jera su layi-layi: ja, ɗorawa, shuɗi, kowane launi na ƙoƙarin danne ɗan'uwansa. Da sanyin Oktoba ya kashe su sai a tumɓuke, galibi a bar ƙasa tsirara har wata shekara. Lambu irin wannan shaida ce ta dukiya, domin kowa ya san yawan ma'aikata da kwal ɗin da ya ci.

Adalci ya sa a faɗi cewa mutanen wannan zamani ba su jahilci ganye ba. A shekarun 1860 an yi wani sashe a filin shaƙatawa na Battersea da ke Landan inda aka shuka ayaba da dangin dabino da wasu tsirrai masu manyan ganyaye, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo. An kuma ƙirƙiro wani salo na dasa gajerun tsirrai masu ganye kala-kala, a riƙa aske su har su yi sumul kamar darduma. To amma a duka biyun ganye abin mamaki ne ko kayan zanen ƙasa. Ba a kai ga ɗaukarsa ginshiƙin lambun gida ba.

Wanda ya fara ɗaga murya sosai a kan wannan tsari shi ne William Robinson, ɗan ƙasar Ayalan, mutum mai kaifin alƙalami da saurin fushi. A 1870 ya fitar da littafinsa The Wild Garden, inda ya yi kira da a koma ga tsirran da ke jure sanyi, masu sake tohowa da kansu kowace shekara, a bar su su tashi yadda halittarsu take. A 1871 ya kafa mujallar The Garden. Jekyll ta haɗu da shi a 1875, daga baya ta zama mai rubutu a mujallar, kuma lokacin da ya fitar da The English Flower Garden a 1883 ita ce ta rubuta sashen da ya shafi launi. Robinson ya san abin da yake ƙi. Abin da bai mallaka ba shi ne horon ido irin na mai zane, kuma nan ne ta fi shi.

An haife ta a Landan a 1843, iyayenta suka koma Surrey tana ƙarama. A 1861 ta shiga makarantar koyon zane ta South Kensington, abin da ba kowace 'yar masu hali ke yi ba a lokacin. Ta yi nazarin zane-zanen Turner, wanda ya shahara wajen narkar da launi cikin launi har a rasa inda ɗaya ya ƙare. Ta koyi ɗinkin ado da sassaƙa da aikin azurfa. Ta yi tafiya zuwa Girka da Turkiyya, ta kuma yi hunturun 1873 zuwa 1874 a Aljeriya, inda ta ga tsirran ƙasa mai rana, masu ganye ruwan toka da masu tsini kamar takobi.

Akwai labarin da ake yawan bayarwa game da ita, wai a 1891 likitan ido ya gargaɗe ta ta bar zane da ɗinki saboda idonta ba ya hangen nesa kuma yana ƙara rauni, shi ya sa ta ajiye buroshi ta ɗauki fartanya. Gargaɗin ya faru. Amma labarin ya fi gaskiyar daɗi, domin a wannan shekara ta riga ta yi kusan shekara goma tana rubutu a kan lambu, ta kuma daɗe tana aiki a filinta. Ciwon ido bai kai ta lambu ba. Abin da ya yi shi ne ya rufe mata sauran ƙofofi. Duk da haka ina ganin akwai abin ɗauka a cikin labarin. Mai irin wannan ido yana ganin duniya iri biyu: abin da ke nesa ya zama dunƙulen launi marar iyaka, abin da ke dab da hanci kuwa ya fito da kowace jijiya da kowane gashi. Tsarin lambunta ya yi kama da haka. Daga nesa gajimaren launi ne, daga kusa kuma laushi da kaushin ganye. Ba zan ce ciwon ne ya haifi salon ba, amma salon bai saɓa wa idon da ya tsara shi ba.

A farkon shekarun 1880 ta sayi fili eka 15 a tsallaken hanya daga gidan mahaifiyarta, kusa da garin Godalming. Ƙasar yashi ce, marar ƙarfi, wadda aka sare itatuwanta suka fara tohowa da kansu. Ta fara lambun tun babu gida. Sai a 1896 aka soma ginin, ta tare a 1897. Wanda ya zana gidan shi ne Edwin Lutyens, wanda ta haɗu da shi a 1889 tana da shekara 45, shi yana da 20, mutumin da daga baya ya tsara manyan gine-ginen gwamnati na sabon birnin Delhi. Wato gidan ne aka gina ya dace da lambu, saɓanin yadda aka saba.

Matsalar da ta fuskanta a filin ita ce ta kowane mai lambun ado: kowane fure da watansa. Wanda ya cusa furannin Afrilu da na Yuli da na Satumba a fangali guda don kada a rasa abin kallo, zai ƙare da wurin da ko yaushe kashi ɗaya na fure, kashi biyu na jira ko na bushewa. Jekyll ta ƙi wannan. A littafinta Colour in the Flower Garden na 1908 ta bayyana cewa hanyar da ta gano ita ce a ba kowane sashe na lambu lokacinsa, wata ɗaya zuwa uku, ya yi iyakar kyansa, sannan a juya masa baya a nufi wani. Haka ta yanka Munstead Wood, da kalanda a hannu. A Fabrairu da Maris akwai wata hanya a ƙarƙashin itatuwa inda furannin ƙarshen hunturu ke buɗewa. A Afrilu akwai wani fili a inuwa cike da furen Primula fari da ruwan ɗorawa, irin da ta yi shekaru tana zaɓen irinsa da hannunta. Akwai lambun Afrilu da Mayu a bayan katanga, akwai na Yuni, akwai wanda aka keɓe wa Satumba da Oktoba. Da hunturu ya shigo kuwa sai daji ya karɓi aiki: farin ɓawon itacen birch, da duhun ganyen holly mai sheƙi, da jan busasshen ganyen da ya rufe ƙasa. Katanga da shinge da lanƙwasar hanya su ne ke ɓoye sashen da lokacinsa ya wuce. Mai ziyara yana tafiya ne cikin fili, amma a haƙiƙa cikin watanni yake ratsawa.

Babban fangalin furanni shi ne ya fi suna, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Tsawonsa kimanin ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 14, a bayansa akwai katangar dutse mai tsayin ƙafa 11 da ke tare iskar arewa. Lokacinsa daga Yuli ne zuwa Oktoba. Idan ka faro daga gefe ɗaya za ka fara da ganyaye ruwan toka, a cikinsu furanni shuɗɗa da farare da ɗorawa mai haske da ruwan hoda. Kana tafiya ɗorawar na ƙara nuna, ta koma ruwan lemo, ta kai ga ja jawur a tsakiya, kamar garwashi. Daga nan wutar ta fara lafawa, a sake bi ta ɗorawa da ruwan hoda, har a ƙare da shunayya a cikin wani tafkin ganyaye ruwan toka. Ba ta dasa tsirran a dunƙule ko a layi ba. Takan shimfiɗa kowane iri siriri, dogo, a karkace, yadda idan ya gama fure na gabansa da na bayansa za su rufe gurbinsa.

Wannan jeri yana da dalili na kimiyya. A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Michel-Eugène Chevreul, shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke Faris. Aka kawo masa ƙarar cewa wasu zaruruwa, musamman baƙaƙe, ba sa kama rini da kyau. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau. Launin da ke maƙwabtaka da zaren ne ke sauya yadda ido ke ganinsa. Ya wallafa sakamakon a 1839. Masu lambun layi-layi sun karanta shi suka ɗauki darasi guda, wato a haɗa launuka kishiyoyi don su yi ƙara. Jekyll ta ɗauki wani darasin da ya fi zurfi: ido yana ƙoshi, kuma idan ya ƙoshi da launi yakan ji yunwar kishiyarsa. Ta ba da wani gwaji da kowa zai iya yi. Ka ƙura wa furen marigold mai ruwan lemo ido a cikin rana na rabin minti, sannan ka dubi ganyensa, za ka gan shi shuɗi. (Turawa na kiran furen nan "na Afirka", alhali asalinsa Meziko ne.) Saboda haka wanda ya fara da toka-toka da shuɗi, idonsa zai tarbi ɗorawa da marmari, wanda ya fito daga cikin jan tsakiya kuma zai ga shunayya da tokar ƙarshe suna walƙiya fiye da yadda suke. Fangalin an tsara shi ne don mai tafiya, kuma tafiyar ce ke kammala shi.

A nan ne aikin ganye ya fito fili. In an cire ganyaye ruwan toka daga gefe biyun, dabarar duka ta rushe, domin su ne ke wanke ido kafin wuta da bayanta. Ta dogara ƙwarai da wasu 'yan tsirrai da ta yi ta maimaitawa a lambuna da dama. Akwai Stachys, mai ganye fari-fari da gashi mai taushi, wanda Turawa ke kira kunnen ɗan rago. Akwai Santolina da lavanda, masu ƙananan ganyaye cunkus. Akwai Yucca, mai ganye tsaye kamar takubba, wadda takan kafa a ƙarshen fangali da bakin hanya kamar dogari a ƙofar fada. Sai kuma Bergenia, mai faffaɗan ganye mai kauri kamar jemammiyar fata, wadda ba ta kakkaɓewa da hunturu; ita takan sa a kusurwa da gefen dutse, inda ake bukatar abu mai nauyi da zai tsayar da ido. Ƙa'idar a bayyane take ko da ba a rubuta ta ba: mai laushi kusa da mai kaushi, siriri kusa da faffaɗa, mai sheƙi kusa da mai dishi-dishi. Wanda ya taɓa lura da yadda mai ɗinkin babbar riga ke barin fili a jikin yadi don aikin ya fito, ya fahimci abin da ganye ke yi wa fure a nan.

Ba ta kasance mai tsattsauran ra'ayi ba, kuma wannan na cikin abin da ke burge ni game da ita. Robinson ya tsani jan Pelargonium kamar abokin gaba. Ita kuwa ta yi amfani da shi, tana ganin laifin ba na tsiron ba ne, na wanda ya dasa shi inda bai dace ba ne. Haka nan ta yi wa masu son lambu mai launi guda gargaɗi cewa idan lambun shuɗi yana neman ɗan fari ko ɗorawa mai haske don shuɗin ya fito, wauta ce a hana shi don kawai a kare sunan da aka laƙaba masa.

Sai dai kuma akwai abin da hotunan lambun ke ɓoyewa. Wannan kyau da ke kama da na daji, wanda mutum zai zaci da kansa ya tashi, ya ci aiki fiye da kima. Furen Delphinium dogo ne shuɗi, amma da ya gama a Yuli sai ya bar karare marasa kyan gani. Sai a rage musu tsawo, a janyo wani farin fure mai yaɗo da aka shuka a baya a ɗora a kansu, in shi ma ya gama a janyo Clematis ta rufe. Inda jan furen poppy ya mutu ya bar rami, an riga an dasa Gypsophila a kusa don ta bazu kamar hazo ta cike wurin. Inda duk dabara ta ƙare, sai a ɗauko tukwanen furanni da aka rena a gefe a binne su cikin fangalin da tukwanensu. Duk wannan hannu ne ke yinsa, kuma ba hannunta kaɗai ba. Tana da ma'aikatan lambu na dindindin, mutanen da sunanta ya rufe nasu. Ta soki tsarin layi-layi, amma nata tsarin ma ya tsaya ne a kan arhar ƙwadago, kuma raba lambu wata-wata sai mai eka 15. Mai ɗan fili a bayan gida ba shi da sashen da zai juya wa baya. Wannan suka ce ta gaskiya, kuma ba na jin masoyanta sun amsa ta yadda ya kamata.

Tarihi ne ya amsa ta. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashe samarin da ke aiki a lambunan manyan gidaje, da yawa ba su dawo ba, waɗanda suka dawo kuma ba su koma kan tsohon albashi ba. Jekyll ta ci gaba da aiki daga ɗakinta, tana zana tsarin lambunan da ba ta taɓa takawa ba, ana aiko mata da awon fili da bayanin ƙasa. A rayuwarta ta tsara lambuna sama da 400, kimanin ɗari daga ciki tare da Lutyens. Ta rasu a Disamba 1932. Ba a daɗe ba mafi yawansu suka lalace, domin lambu ba kamar zane ba ne da za a rataye a bango. Shekara biyu ba kulawa sun isa su shafe shi. Munstead Wood kansa an sayar da shi a 1948, aka raba shi kashi-kashi.

Abin lura shi ne wane ɓangare na koyarwarta ya rayu. Dogon fangali mai bukatar ma'aikata ya zama abin tarihi, sai a 'yan wurare. Ganye kuwa ya yi gaba. Farin lambun da Vita Sackville-West ta dasa a Sissinghurst wajen 1950, wanda ya zama ɗaya daga cikin lambunan da aka fi kwaikwayo a duniya, rabinsa ganyaye ne ruwan toka da azurfa. A farkon shekarun 1990 Beth Chatto ta mayar da wani tsohon wurin ajiye motoci a Essex, ɗaya daga cikin yankunan Ingila mafi ƙarancin ruwan sama, ya zama lambun tsakuwa da ba a yi masa ban-ruwa, kuma siffar ganye da yanayin jikinsa ne ke riƙe da shi. Dalilin a sarari yake. Fure yana neman a yi masa hidima don ya ba da mako uku. Ganyen da aka zaɓa daidai da ƙasarsa yana ba da wata shida ko shekara ba tare da ya nemi komai ba. Kuma wannan ruwan toka da Jekyll ta so don ido, a wurin tsiron kansa garkuwa ce: gashi ko kakin da ke jikin ganyen yana mayar da zafin rana, yana rage fitar ruwa.

Takardunta ma da ƙyar suka tsira. A 1948 wata mai tsara lambuna 'yar Amurka, Beatrix Farrand, ta sayi tarin zane-zanen tsare-tsarenta, daga baya ta miƙa su ga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda suke har yanzu. Daga can ne masu gidan Upton Grey a Hampshire suka samo kwafin tsarin da ta yi wa gidan a 1908, suka fara mayar da lambun yadda yake tun daga 1984. A Hestercombe da ke Somerset, wanda ita da Lutyens suka yi tsakanin 1904 da 1908, gidan ya zama hedikwatar 'yan kwana-kwana na lardin, kuma a shekarun 1970 aka soma farfaɗo da lambun bisa tsare-tsarenta na asali. A 2023 hukumar National Trust, mai kula da wuraren tarihi a Ingila, ta sayi Munstead Wood. Masu aikin gyaran suna da takarda da ke nuna inda kowane tsiro ya zauna, da rubutun hannunta a jikin kowane siririn yanki. Itatuwan da ta bari suna ƙanana kuwa yanzu sun haura shekara ɗari, inuwarsu ta sauka a wuraren da ta tsara don rana.